Ƙayar Makwanta

A garinmu, can cikin ƙasar Alela, akwai wani fili da ba a nomawa. Yana tsakanin gari da fadama, a gefen hanyar da kowa ke bi zuwa gona, kuma girmansa bai wuce filin ƙwallon yara ba. Makwanta ake ce masa. Tun da na yi wayo na tarar da shi kewaye da ƙaya, tsibi a kan tsibi, ta ƙasa ta ruɓe ta yi baƙi, ta sama tana nan da ɗanyen ganyenta. Ba mai gari ne ya sa a yi shingen ba, ba kuma gayya aka taɓa kira ba. Kowa ne ke yi. Duk wanda zai wuce, babba ko yaro, sai ya karyo reshen magarya ko na aduwa tun daga nesa, in ya zo daidai wurin ya jefa da hannun hagu, ya wuce bai waiwaya ba. Ba a magana sai an bar wurin a baya.

Wurin ɗan kwari ne, ruwa na kwanciya a cikinsa da damina. Ciyawarsa ta fi ta ko'ina tsawo da kore, har cikin kaka, lokacin da ta sauran daji ta bushe. Awaki kan tsaya a bakin ƙayar suna leƙe suna kuka, ba hanyar shiga. In ka biyo ta nan da tsakar rana kai kaɗai, sai ka ji shirun wurin ya fi na sauran hanya nauyi. Na san yanzu cewa tsibin ƙayar ne ke tare iska, amma a lokacin ban san haka ba, kuma ko yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Gwaggo ce ta rene ni, yayar mahaifina, don uwata ta rasu ina goye. Ita ta fara kama mini hannun hagu ta sa mini reshen a ciki. Da na tambaye ta dalili, sai da muka iso gida ta ba ni amsa. Ta ce wata mata ce kwance a wurin, ita da shanunta, tun kafin a haifi kakanmu. Ƙayar ita ce mayafinta. Wanda ya wuce bai ƙara mata ba, ko ya taka mata makwanci, sai ta biyo shi har gida ta dangwala masa yatsa a jiki.

"Wurin da tat taɓa sai shi yi baƙi ƙirin, awa an ɗora gawayi," in ji Gwaggo. "Ba shi ciwo ko kaɗan. Shi ya sa mutum ba shi sanin an kama shi."

A wasu gidajen labarin ya sha bamban. Akwai masu cewa Bafillatani ne aka kashe a wurin, akwai masu cewa rijiya ce ta rufta da mutane. Amma na Gwaggo shi ya fi yawo a bakin yara, don shi ya fi hana barci. Liman kuwa ya sha faɗi a masallaci cewa jefa wa aljani ƙaya ba ya cikin addini. Sai dai ni da idona na sha ganinsa, in ya zo wucewa, ya duƙa kamar mai kawar da reshe daga hanya don kada ya soki wani, kuma ko da wasa bai taɓa kawar da shi zuwa ɗaya gefen ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yaya. Shi ya riƙe gona, ni aka sa lakwal, wato makarantar boko. Ya girme ni da yawa, mutum ne mai sanyin magana da yawan dariya, kuma bai taɓa nuna mini cewa da guminsa na yi karatu ba, ko da yake da shi ɗin na yi. Na gama, aka ba ni aikin koyar da ilimin halittu a wata makaranta a Illela. Na koma mai farar riga da biro a aljihu, in na zo gida a shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai.

Cikin duk abin da nake koyarwa ba wanda na fi so kamar darasin yadda halittu ke sauyawa a hankali, yadda yanayi ke zaɓar wanda zai rayu ya hayayyafa. Nakan shigo aji da rariya da garin gero. In tankaɗe a gaban yara, in ce musu haka duniya take yi da masu rai: wani ya faɗi, wani ya tsaya, kuma wanda ya tsaya shi ke barin 'ya'ya masu kama da shi. Nakan ba su misali da ƙwarin wake, waɗanda iyayen yaran ke fesa wa magani shekara da shekaru har aka wayi gari maganin ba ya kashe su. Ba ƙwarin ne suka yi wayo ba, masu rauni ne suka ƙare, aka bar masu taurin rai. In wani yaro ya ɗaga hannu ya ce wannan ya saɓa wa abin da aka koya masa a makarantar allo, sai in ce masa ni ma ina salla, kuma wanda ya halicci garin shi ya halicci rariyar.

Da abin ya tsaya a kan ƙwari da ban rubuta wannan ba. Amma sai na fara kallon al'adun mutane da ido ɗaya. Na ce ai su ma haihuwa suke yi, daga bakin uwa zuwa kunnen ɗa. Su ma suna sauyawa wajen wucewa, su ma ana tankaɗe su. Wannan tunanin ya yi mini daɗi ƙwarai, har na sayi littafi ina rubuta al'adun da na sani, ina raba su gida biyu. Gida ɗaya na masu amfani ne, irin yadda tsofaffi ke ware zangarniyar gero mafi kyau tun a gona don iri. Ɗaya gidan na waɗanda amfaninsu ya ƙare amma suka liƙe, kamar ɗan ƙaramin kofaton da ke bayan ƙafar akuya, wanda ba ya taɓa ƙasa. Ba sai na faɗi inda na sa ƙayar Makwanta ba. Ita ce ta farko a gida na biyu, har na ja mata layi.

Bayan rasuwar mahaifinmu aka raba gona tsakaninmu da 'yan'uwa mata da ɗiyan baffanmu. Abin da ya faɗo wa Yaya jigawa ce mai yashi, wadda ko shekarar albarka ba ta cika rumbu. Ga shi da iyali, yara ƙanana bi da bi. Makwanta kuwa a gefen rabonsa take, cikin ƙasar gidanmu, ba wanda zai ce masa don me. Kullum yana wucewa yana ganin wannan ciyawa kore shar, ya jefa reshensa, ya tafi ya fuskanci yashi.

Na zo gida wani ɗan hutu cikin bazara, lokacin sharar gona. Muna zaune a zaure da hantsi, Yaya yana gyaran ƙotar hauya, sai ya yi magana bai ɗago kai ba.

"Kai da kay yi karatu, hwaɗa min gaskiya. Akwai wani abu cikin wurin ga?"

Na san wurin da yake nufi. Na yi dariya na ce, "Akwai mana, Yaya. Ciyawa da macizai."

"Ba wasa nika yi ba. In na noma shi, ɗiyana na ƙoshi. Amma in ka ce in bari, na bari."

Wannan maganar ita ce ba ta barina. Ya ba ni zaɓi a hannu, fili. Ni kuwa sai na gyara zama na yi masa darasi, har da kofaton akuya. Na ce tsoro ne kawai ake gada, ba wanda ya san mafarinsa. Na ce ƙasa mai kyau tana kwance a banza saboda tatsuniya, yara kuma suna kwana da rabin ciki. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai, kamar yadda ɗalibaina ba su taɓa yi ba.

Ashe Gwaggo tana bayan danga tana sheƙe wake, ta ji komai. Ta tsufa a lokacin, ta ranƙwafa, amma bakinta bai tsufa ba. Ta shigo zauren da faifan a hannu.

"Malamin lakwal," ta ce, don haka take kirana in za ta ci mini fuska, "in tambaye ka. Abu nawa munka iske tsohinmu na yi, munka bari? Mun bar tsaga a huska. Mun bar kai hura gindin tsamiya. Ba wanda yah hana mu, da kansu sunka mutu. To wanga don mi yaƙ ƙi mutuwa?"

Na ce mata ai haka wasu abubuwa suke, suna liƙewa ko ba su da aiki, kamar kofaton nan na bayan ƙafar akuya.

"Akuyar ta ce maka ba ta aiki da shi?"

Yaya ya fashe da dariya, ni ma na yi, na ɗauke ta a matsayin barkwancin tsohuwa. Sai daga baya na gane cewa a ranar Gwaggo ce ta fahimci darasina, ba ni ba. Abin da aka yi ta tankaɗewa tun zamanin kakanni bai faɗi ba, ya kamata mai rariya ya tsaya ya duba abin da ya riƙe shi. Ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi tambayar da ta dace, ni kuma na amsa mata da raini.

Kwana biyu bayan haka muka ƙona ƙayar. Ba wanda ya zo taya mu, ba kuma wanda ya zo hana mu. Mutane sun tsaya can nesa a bakin gari suna kallo. Da hannuna na ƙyasta ashanar, don na ga hannun Yaya yana jinkiri. Ƙayar shekaru ta kama kamar an zuba mata fetur. Rana tsaka ce, ba iska, hayaƙin ya miƙe sama sak bai karkata ko'ina ba. Na jira in ga macizan da na yi alkawari suna fitowa, ko ɓera, ko ƙadangare. Ba abin da ya fito. Wuta ta cinye ta mutu, aka bar baƙin da'ira a ƙasa da wani fili tsirara wanda ba mai rai da ya taɓa ganin cikinsa. Na taka toka na shiga har tsakiya ina fito da baki, don mutanen bakin gari su gani. Gaskiya gabana yana faɗuwa, amma na ce wa kaina ragowar tarbiyyar Gwaggo ce.

Na koma Illela. Da ruwan farko ya sauka Yaya ya sa garmar shanu a wurin, ya kira ni a waya yana murna.

"Ka san abin da garma ke tonowa? Ƙassan shanu! Ƙahoni, haƙarƙari, ba iyaka. Sai tarawa nikai gehe guda."

Na ce, "Ka gani ko? Shi ya sa ciyawar ke kore. Taki ne ka samu kyauta."

Ni ne malamin ilimin halittu. An gaya mini an tono ramin da aka binne garken shanu gaba ɗaya, a ƙasar da mutum ba ya barin ko akuya ta mutu ba a yanka ba, ban tambayi kaina abin da zai sa a binne shanu da ƙahoninsu ba. Na taɓa karanta cutar da ke sa a yi haka, rabin shafi ce a wani littafi, na ci jarrabawa a kanta. A ranar ko kusa da raina ba ta zo ba, saboda ina cikin daɗin cewa maganata ta fito.

Ruwa ya kwanta a kwarin, sabuwar ciyawa ta tsiro a gefen da bai shuka ba, sai Yaya ya riƙa ɗaure shanunsa biyu na noma a nan. Wata safiya ya bar su lafiya lau. Kafin hantsi ya dawo ya tarar da ɗaya yana karkarwa, yana tangaɗi, jini na fita masa ta hanci. Ya yi abin da kowane manomi zai yi: ya zaro wuƙa ya yanka shi da sauri kafin ya zama mushe. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa jinin baƙi ne kamar kwalta, kuma ya ƙi daskarewa. Mahauci ya ce ko nawa za a ba shi ba zai taka Makwanta ba, don haka Yaya ya feɗe dabbar shi kaɗai. Da ya buɗe cikin ya ga saifar ta kumbura ta yi girman da bai taɓa gani ba.

Ya yi niyyar rabar da naman, kada ya lalace. Gida bayan gida aka mayar masa da aike. Ba wanda zai ci naman Makwanta. Matarsa, mace mai haƙuri da ba ta taɓa musa masa ba, ta ce ba dai a cikin tukunyarta ba. Gwaggo kuwa ta ɗauko kujerarta ta zauna a ƙofar gida, ta ce sai dai a tsallake ta. Dole ya haƙa rami ya binne naman sa guda. Fatar kaɗai ya ƙi bari. Ya saɓo ta a kafaɗa, ɗanya, tana gogar wuyansa, ya shanya ta a kan wata bishiya a bayan gari.

Ya kira ni da la'asar, ransa a ɓace, abin da ba kasafai ba. Na taya shi faɗa. Na ce jahilci ya sa an yi asarar nama a garin da yara ke ganin nama daga salla sai salla. Na ce da ina nan da ni zan fara gasa hantar. Da gaske nake, kuma da ina nan da na ci, da na ba yaransa.

Bayan 'yan kwanaki wani ɗan ƙurji ya fito masa a gefen wuya, yana ƙaiƙayi. Ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi. Ba ya masa ciwo. Yaya ya san abin da mutanen gari za su ce in suka gani, ya kuma san abin da ni zan ce in ya nuna tsoro. Sai ya naɗa rawani ya rufe wurin, ya ci gaba da zuwa gona. Matarsa ce ta kira ni, ranar da ya kasa tashi. Na hau babur ɗin kabu-kabu tun da safe, hanya duk taɓo, ban iso ba sai da rana ta take.

Na same shi kwance a ɗaki, zazzaɓi na cinsa. Wuyansa ya kumbura har ya haɗe da haɓarsa, numfashi na fita da ƙyar. Na warware rawanin. Abin da na gani na riga na san shi tun ina ɗan shekara biyar, don an kwatanta mini shi dalla-dalla: baƙi ƙirin, kewayayye, kamar an ɗora gawayi, daidai girman kan yatsa. Na danna gefensa na ce da zafi? Ya girgiza kai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na juya, Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa.

Muka sa shi a amalanken jaki zuwa bakin hanya, muka sami mota zuwa asibitin Konni. Likitan da ya duba shi bai daɗe yana kallon tabon ba, ya juyo ya yi mini tambaya ɗaya: ya feɗe wata dabba kwanan nan? Na ce e. Ya ce ciwon saifa ne, wanda makiyaya suka sani a shanu. Ya ce da an kawo shi tun ƙurjin na ƙarami, da magani ya isa. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ina gani. Washegari bayan azahar Yaya ya farfaɗo kaɗan, ya nemi hannuna. Sai da na kai kunnena bakinsa.

"Ƙanena," ya ce, har da ɗan murmushi, "ashe ba ciyawa da macizai ɗai ba."

Na ƙara riƙe hannunsa. Ya huta, sannan ya ce, "Kak ka bari yara su shiga." Kafin la'asar ya cika.

Ba wanda ya zarge ni, kuma wannan ya fi mini zafi. An ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da haka, amma na san ta bakin wa hanyar ta biyo. Bayan sadakar bakwai likitan dabbobi ya zo, ya yi wa bisashen gari allura, ya sa aka ƙona fatar da ɗayan san da shi ma ya faɗi. Ya bayyana mana cewa ƙwayar cutar tana yin ɓawo ta kwanta a cikin ƙasa inda aka binne dabbar da ta kashe, tana iya fin ran mutum daɗewa a haka, tana jiran a tone ta ko ruwa ya taso da ita cikin ciyawa. Wani tsohon Bafillatani da ya zo gaisuwa ya ce ya taɓa jin kakansa na zancen wata shekara da shanu suka yi ta zubewa a wannan kwarin.

Sai komai ya zauna mini daram. Wani mutum, wanda ba mai tuna sunansa, ya ga abin da idonsa. Ya sa aka binne shanun, ya sa aka zuba ƙaya, ya kuma san ƙaya ruɓewa take, don haka ya ce kowa ya riƙa ƙarawa. Tabbas ya faɗi dalilinsa na gaskiya. Amma dalilin ya bi rariya ya zube, saboda ba yaron da ke kasa barci don an ce masa shanu sun yi ciwo. Abin da ya tsaya shi ne matar da ke bin mutum gida. Ita ce ta yi ta gyara shingen nan shekara da shekaru, ita ce kuma ta hana gari guda cin naman da ni na ce a ci. Da na yi wa Gwaggo bayanin ƙwayar cutar, yadda take kwanciya da yadda take bin mutum, ta saurara har na gama.

"To, ai ita ce," ta ce. "Kai dai ka ba ta wani suna."

Ina da wasiyyar Yaya a wuyana, na kuma ɗauka na san yadda zan cika ta. Na tara mutane a gindin bishiyar kasuwa, na aro allo da alli, na zana musu ƙwayar cutar da ɓawonta. Na yi magana da Hausar da kowa zai gane. Suka saurare ni da ladabi, saboda ina cikin makoki. Na sayo wayar shinge na kewaye Makwanta, na kafa allon ƙarfe mai jan rubutu da hoton kan bijimi. Damina biyu ba ta cika ba wayar ta tafi, na gan ta daga baya a shingen wani lambu. Allon kuma ya zama murfin akurkin kaji. Na tare wani saurayi da ya zauna a gaba ranar bayanin, na ce me na faɗa? Ya sosa ƙeya ya ce kamar dai na ce akwai ƙwari a wurin.

Amma ƙaya ta dawo. Ba wanda ya ba da umarni. Tun ranar da aka kai Yaya makwancinsa wani ya jefa reshe na farko a kan tokar, kafin shekara tsibin ya fi na da tsawo. Gwaggo ta rasu a shekarar da ta biyo, shingen kuma bai san ta rasu ba.

Bara na kai 'yata ƙarama gida, ta yi hutu wurin 'yan'uwanta. A Illela aka haife ta, shekararta shida, ba ta taɓa kwana a garin ba, kuma ban taɓa yi mata zancen Makwanta ba. Yarinya ce mai ƙiriniya, ba ramin da ba ta zura hannu, ba dangar da ba ta ratsawa. Kwananta ɗaya cikin yaran gidan. Washegari da rana muka kama hanyar fadama ni da ita, sai na ji ta ja mini riga tun muna nesa.

"Baba, tsaya. Ba a wucewa hakanan."

Ta gaya mini duka, tana rage murya, idonta a waje. Matar da ke kwance da shanunta. Mayafin ƙaya. Hannun hagu. Yatsan da ke barin gawayi. Abin da na kasa dasa wa manya da allo da alli, yara sun dasa mata shi cikin wuni ɗaya, ba harafin da ya faɗi. Sai dai labarin ya yi sabon reshe da babu shi a zamanin Gwaggo.

"Wai wani mutum ya taɓa ƙone mata mayahi, tab bi shi gida tat taɓa mai wuya. Wai wani malamin lakwal ne yac ce mishi ba komi ciki." Ta ɗaga kai ta dube ni. Yaran ba su gaya mata ko su wane ne ba, ko kuma su ma ƙananan ba su sani ba. "Baba, kai ma malami ne. Gaskiya ne tana nan?"

Amsar tana bakina, na shekara ashirin ina ba da irinta. Na dubi shingen. Daga inda muke ina hango wani ɗan gurbi a ƙasa inda ƙayar ta ruɓe ta zauna, daidai yadda yarinya mai shekara shida za ta iya rarrafawa in ta ga zabuwa ta shiga. Bayansa ciyawar na nan kore shar, ba ta motsi. Na tuna saurayin da ya ce ƙwari ne.

Na ce, "Gaskiya ne. Tana nan."

Ta matso jikina. "Shi malamin hwa? Ta bi shi gida?"

"A'a," na ce. "Shi ta bar shi da rai."

Na karyo reshen magarya biyu, ƙayar ta soke ni a yatsa. Na ba ta ƙaramin, na gyara mata shi a hannun hagu. Da muka zo daidai gurbin na jefa nawa a kansa, ita ma ta jefa nata, muka wuce ba mu waiwaya ba.